Sharar da Ƙwaƙwalwa Ta Kasa Kwashewa

Da an ambaci cutar Parkinson, likita zai fara da ƙarancin dofamin, sinadarin da ke daidaita motsi, wanda rashinsa ke kawo karkarwar hannu, sandarewar gaɓoɓi da jan ƙafa wajen tafiya. Amma me ya kashe tantanin ƙwaƙwalwar da ke samar da sinadarin tun farko? Hujjojin da suka taru sun fi karkata ga lalacewar aikin kwasar shara a cikin tantanin.

Kowane tantani yana ƙera furotin dare da rana. Wani ya fito a karkace, wani ya tsufa. Lalataccen furotin ana liƙa masa tambarin da ake kira yubikwitin, a tura shi inda za a daddatsa shi, manyan tarkace kuwa a naɗe su a kai jakar narkarwa, wato laisozom. Gano hanya ta farko ya jawo kyautar Nobel a 2004, ta biyun ta jawo wa Yoshinori Ohsumi na Japan tasa a 2016. Tantanin fata in ya gaji ana maye gurbinsa, amma na ƙwaƙwalwa shi zai raka mutum har tsufa, don haka abin da bai kwashe ba yana nan yana taruwa.

Tun 1912 Friedrich Lewy ya ga wasu dunƙule-dunƙule a ƙwaƙwalwar masu cutar. Sai a 1997 aka gano cewa akasarinsu furotin ɗin alfa-sinukilin ne da ya cure. Shekara guda bayan haka masu bincike a Japan suka gano ƙwayar gado mai suna parkin, wadda ta naƙasa a wurin wasu da cutar ta kama da ƙuruciya, daga baya kuma ta bayyana cewa aikinta liƙa wancan tambari ne.

Masu ja da wannan bayani suna da hujja mai nauyi: galibin masu naƙasar parkin ba a samun dunƙulen Lewy a ƙwaƙwalwarsu, kuma mafi yawan majinyata ba gadon cutar suka yi ba. Sai dai wannan bai rushe maganar ba. Parkin na da hannu wajen kawar da lalatattun ɓangarorin tantani masu samar da kuzari, ke nan tarkacen ne ya bambanta, gazawar ɗaya ce. Tsufa kuwa, wanda shi ne babban haɗarin kamuwa, yana rage ƙarfin hanyoyin biyu ko babu gado. A 2023 wani bincike da likitocin Najeriya ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar ga 'yan asalin Afirka, ita kuwa GBA1 aikinta a cikin jakar narkarwar yake.