Hayaƙin Tsaka-tsaki: Yadda Turai Ta Fara Ƙidayar Bututan Da Ta Manta Da Su

A ranar 25 ga Nuwamba, 2015, Majalisar Dokokin Tarayyar Turai da Majalisar Ministocinta suka zartar da doka mai lamba 2015/2193. Ba ta yi suna irin na yarjejeniyar sauyin yanayi da aka cimma a Faris bayan 'yan makonni ba, amma ta shafi iskar da miliyoyin mutane ke shaƙa a ƙofar gidajensu. Batunta shi ne matsakaitan injuna da tukwanen ƙona makamashi: tukunyar tururi ta masana'antar abinci, murhun da ke ɗumama asibiti ko jami'a a lokacin hunturu, injin dizal ko na gas da ke samar da wutar lantarki, da makamantansu. An kiyasta cewa akwai irin waɗannan kimanin 143,000 a faɗin Tarayyar.

Abin mamaki shi ne, kafin wannan rana babu wata doka ta bai ɗaya da ta kula da su.

Yadda aka tsallake na tsakiya

Turai ta koyi illar hayaƙi da tsada. A watan Disamba na 1952 hazon hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan na kwanaki biyar, aka ƙirga mutuwar mutum wajen 4,000 nan take, binciken da ya biyo baya kuwa ya kai adadin kusan 12,000. Daga nan Birtaniya ta yi dokar tsaftace iska a 1956. Bayan haka sai matsalar ruwan sama mai asid ta taso, tana kashe kifi a tafkunan Suwidin da Norwe, tana lalata dazuzzukan Jamus, alhali wani ɓangare na hayaƙin daga wasu ƙasashe iska ke kwaso shi. Wannan ya haifar da yarjejeniyar Geneva ta 1979 kan gurɓatar iska mai tsallaka iyaka.

Hankalin masu doka ya fara komawa kan manyan tashoshin wutar lantarki, don su ake hangowa daga nesa. Tun 1988 aka sanya wa masu ƙarfin megawat 50 zuwa sama iyaka, dokar hayaƙin masana'antu ta 2010 kuma ta ƙara matse su. Ta ɗaya gefen, ƙananan tukwanen ɗumama gida sun shiga ƙarƙashin dokar ingancin ƙira ta 2009, wadda ke hana sayar da na'urar da ba ta cika sharaɗi ba. Babba yana da mai sa masa ido, ƙarami an tare shi tun daga kasuwa, na tsakiya kuwa aka bar wa kowace ƙasa ta yi yadda ta ga dama. Wasu, kamar Jamus da Holand, suna da nasu ƙa'idojin. Wasu ko jerin sunayen masu injunan ba su da shi. A watan Disamba na 2013 Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da shawarar toshe wannan giɓi.

Na tsakiyar nan yana da wata illa ta daban. Babbar tasha tana bayan gari, bututunta dogo ne, hayaƙinta yana watsewa a sama. Matsakaiciya kuwa cikin unguwa take, bututunta gajere, abin da ta fitar yana sauka a kan makwabta.

Rajista kafin awo

Dokar ta shafi duk injin ko tukunyar da ƙarfinta ya kama daga megawat 1 zuwa ƙasa da 50. Ba wutar lantarkin da injin ke bayarwa ake lissafawa ba, zafin man da yake iya ƙonawa ake dubawa. Tunda injin dizal bai cika mayar da fiye da kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin mai zuwa lantarki ba, janareta mai kVA 500 ya riga ya kai bakin wannan iyaka.

Sharaɗi na farko shi ne babu injin da zai yi aiki sai da lasisi ko rajista. Mai shi zai sanar da hukuma ƙarfin injin, nau'insa, irin man da yake sha da kason kowanne idan ya fi ɗaya, ranar da ya fara aiki, sana'ar da ake yi da shi, yawan sa'o'in da ake sa ran zai yi a shekara, da sunan mai shi da adireshin wurin. Hukuma tana da wata ɗaya ta yi rajistar ko ta fara aikin ba da lasisi, kuma wajibi ne ta buɗe kundin ga jama'a, har ta intanet.

Wannan kundi shi ne ƙashin bayan dokar gaba ɗaya. Iyakar hayaƙi a takarda ba ta tsinana komai idan mai bincike bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Manyan tashoshi 'yan dubbai ne, ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya, amma injuna fiye da dubu ɗari da ke ɓoye a bayan otal-otal, masaƙu da gidajen rainon tsirrai ba za su taɓa ganuwa ba sai an tilasta wa masu su su bayyana kansu. Kuma da yake kundin a buɗe yake, makwabcin da hayaƙi ya dama yana iya dubawa ya ga ko an san da injin.

An kuma toshe wata dabara. Idan mutum ya kafa sabbin injuna biyu ko fiye da hayaƙinsu ke fita ta bututu ɗaya, ko waɗanda hukuma ta ga za a iya haɗa su a bututu ɗaya, to a matsayin inji guda za a lissafa su.

Abubuwa uku da ake aunawa

Na farko iskar farar wuta, wato SO2, wadda ke fitowa daga kwal da baƙin mai. Maganinta sauya mai ne, ko wanke hayaƙin da farar ƙasa. Na biyu iskar NOx, wadda ke samuwa idan zafin wuta ya yi yawa har naitirojin da oksijin na cikin iska suka haɗu. Ita ce ke tayar da asma, ana rage ta da bakin murhu na musamman ko da fesa ruwan yuriya cikin hayaƙin ya ratsa wata matata. Na uku ƙura, wato toka da kunkunniya, wadda ƙananan ƙwayoyinta ke ratsa huhu su shiga jini. Ana kama ta da matatar ƙyalle ko ta lantarki. Hukumar Muhalli ta Turai ta danganta mutuwar fiye da mutum 200,000 a shekarar 2022 da wannan ƙura mai laushi daga dukkan hanyoyinta. Kabon monoksaid kuwa an ce a riƙa auna shi, amma ba a sa masa iyaka ba.

Iyakokin sun bambanta bisa mai, girma da shekaru. Sabuwar tukunya mai aiki da gas ba za ta wuce miligiram 100 na NOx a kowace kubik mita ta hayaƙi ba. Tsohuwa mai fiye da megawat 5 an bar mata 200, ƙaramar tsohuwa kuma 250. Sabon injin gas 95 ne, na dizal 190. Masu megawat 1 zuwa 20 za su yi awo duk shekara uku, waɗanda suka haura 20 kuma kowace shekara, a ajiye bayanan aƙalla shekara shida.

Wa'adin ma hawa-hawa ne. Sabbin injuna sun shiga tun 20 ga Disamba, 2018. Tsofaffi masu fiye da megawat 5 an ba su zuwa 1 ga Janairu, 2024 su yi rajista, 2025 su cika iyaka. Ƙanana, waɗanda su ne mafi yawa, sai 2029 da 2030. Hujjar ita ce yawancin masu su ƙananan kamfanoni ne, kuma matata tana da tsada. Sai dai shekara goma sha biyar ba kwana kaɗan ba ne ga yaron da aka haifa kusa da bututun a 2015.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Dokar ta yi sassauci da yawa. Ba ta shafi motoci, jiragen ruwa da na sama ba, haka ma ƙananan murhunan gona masu ƙona ɗanyen kashin kaji. Tsibiran Kanari, Azores da Madeira an bar wa ƙasashensu su tsara musu iyaka. Mafi jan hankali shi ne ƙasa tana iya yafe wa injin da bai wuce sa'a 500 a shekara ba, don janaretan ko-ta-kwana.

Birtaniya ta ga inda gizo ke saƙar. A 2014 ta fara gwanjon biyan kamfanoni kuɗi don su tanadi wuta saboda lokacin da buƙata ta yi yawa. 'Yan kasuwa suka gano cewa jera injunan dizal a fili ya fi komai araha, kuma ba za su cika sa'a 500 ba. Amma NOx ba ya jiran ƙarshen shekara kafin ya yi ɓarna. Sa'a guda ta hayaƙi mai kauri ta isa ta kwantar da mai asma. Don haka da Ingila da Wales suka shigar da dokar cikin nasu tsarin a 2018, sai suka ƙara sharaɗi na musamman kan janaretocin da ke sayar da wuta. Jamus kuwa ta makara, domin wa'adin shigar da dokar Disamban 2017 ne, ita sai a Yunin 2019 ta fitar da tata, amma ta ƙara iyakoki kan abubuwan da Tarayyar ba ta sa wa iyaka ba, irin su amoniya da kabon monoksaid.

Abin da ya shafe mu

Irin waɗannan injuna ne ke riƙe da masana'antu a Bompai, Sharaɗa da Challawa na Kano, da manyan asibitoci da otal-otal a biranenmu. Bambancin shi ne janaretan da ake kira na ko-ta-kwana a Turai, a nan shi ne na yau da kullum. Wanda ke aiki sa'a takwas a rana zai cinye sa'a 500 cikin wata biyu da 'yan kwanaki. Kwafo sassaucin Turai ba zai dace da mu ba, kwafo lambobinta kuma zai yi wuya muddin man da kansa bai tsarkaka ba: dizal ɗin motocin Turai bai wuce kashi 10 cikin miliyan na farar wuta ba, yayin da ECOWAS sai a 2020 ta amince da 50.

Abin da za a iya ɗauka ba tare da kuɗi mai yawa ba shi ne matakin farko. Hukumar kula da muhalli ta Najeriya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta ƙaddamar da shirin kula da hayaƙin janareta a 2023. Ma'aunin nasararsa shi ne ko za a samu kundi buɗaɗɗe da ke nuna kowane babban inji, inda yake, man da yake sha da ranar da aka auna shi, ba yawan kuɗin rajistar da aka tara ba. Idan hukumomin muhalli na jihohi suka fara da rukunin masana'antu guda, suka wallafa jerin, masu bincike a jami'o'i da likitocin ƙirji za su sami abin da za su ɗora aiki a kai, kuma duk iyakar da aka sa daga baya za ta zama ta injunan da aka san suna nan.