Ƙwaron Ramin Gashi: Ɓarnar Da Ba A Gani Sai An Jeme Fata

A wani taron manoma da muka yi bayan sujada, wani dattijo ya jawo akuyarsa ya nuna mana wuyanta. Da ido ba a ganin kome. Amma da muka shafa da hannu sai muka ji ƙululai a ƙarƙashin gashi, waɗansu kamar ƙwayar dawa, waɗansu kamar wake. Ya ce, "Malam, ba ta susa, tana cin abincinta, to mene ne wannan?" Mun ga ya kamata mu ba da amsar a nan, gama masu irin wannan tambaya suna da yawa.

Abin da yakan kawo waɗannan ƙululai wani ɗan ƙwaro ne da likitoci suke kira Demodeks. Dangin kaska ne na nesa, yana da ƙafafu 8 gajeru, jikinsa dogo kamar tsutsa. Tsawonsa bai kai rabin milimita ba, saboda haka sai da madubin likita ake ganinsa. Gidansa shi ne ramin da gashi yake tsirowa, abincinsa kuwa maiƙon fata. Daga ƙwai zuwa mutuwarsa kamar mako biyu ne. Wani likita Bajamushe, Gustav Simon, ya bayyana shi a shekarar 1842, a fatar mutum ya same shi.

I, a fatar mutum. Kada wannan ya tsorata kowa. Iri biyu suna zaune a fuskarmu, a hanci da goshi da gindin gashin ido. Yawancin manya suna da su, tsofaffi kuwa kusan dukansu, ba tare da wani ciwo ba. Ba alamar ƙazanta ba ce. Haka saniya tana da nata, akuya da nata, alade da kare kowa da nasa. Na kare ba ya zama a jikin mutum, na akuya ba ya kama saniya. 'Ya'yan dabba sukan samu daga uwarsu a kwanakin farko, lokacin shan nono.

To, in kowa yana da shi, yaya yake zama cuta? Jiki mai ƙarfi yana hana ƙwaron yawaita. Amma idan yunwa ta kama dabba, ko tsutsar ciki, ko wata doguwar cuta, sai ƙwaron ya hayayyafa har ramin gashi ya toshe ya kumbura. A shanu da awaki ƙululan sun fi fitowa a wuya, da kafaɗa, da ƙirji, wani lokaci a fuska. Idan aka matse ɗaya, wani abu fari mai kauri yakan fito kamar man goge haƙori, cike da ƙwari. Wannan ne malamin dabbobi yake ɗauka ya duba a madubi. Sai mu bambanta shi da kirci, wanda yake sa ɓawo mai tauri a gadon baya da damina, da kuma ƙazuwa, wadda take sa dabba ta yi ta goga jiki da bango dare da rana. Ƙwaron ramin gashi ba ya cika sa susa, shi ya sa ake ƙyale shi.

Ga inda hasarar take. Kowane ƙululu rami ne a cikin fata. Mahauci ba ya lura, mai yiwuwa dillali ma bai gani ba. Sai majemi ya tsoma fatar a toka ya kankare gashi, sa'an nan tabo da huji su bayyana. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna a duniya tun zamanin da fatake suke kai ta ƙetaren hamada, har Turawa suka sa mata sunan Maroko. Irin wannan fata in ta fito da huji, baduku ba zai yi jaka mai kyau da ita ba, kamfani kuma zai sa ta a ƙaramin aji. Wanda ya yi hasara sau ɗaya a kan fatun wani gari, in ya komo sai ya rage kuɗi ga kowa da kowa.

Maganin farko yana hannunmu. Mu tanadi harawa da dusa tun kaka domin bazara, mu ba da maganin tsutsar ciki a kan kari. Dabbobi da yawa sukan warke da kansu in sun murmure. Wadda ƙululai suka rufe mata jiki, shawararmu ita ce a sayar wa mahauta, kada a bar ta ta yi ta haihuwa. Akwai allurar ibamektin da ruwan wanka na amitiraz, amma malamin dabbobi ne zai faɗi ma'auni, da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a ci nama. Kada a wanke doki da amitiraz, yana iya kashe shi. Baƙin man mota kuwa, da muke gani ana shafa wa dabbobi, ba ya kai ga ƙwaron. Ƙona fata kawai yake yi, dabbar kuma ta lashe guba.

A kare alamar dabam take. Gashi yakan zube kewaye da ido, da baki, da ƙafafun gaba, musamman ga ɗan kwikwiyo. In wuri ɗaya ne ko biyu, sau da yawa yakan warke shi kaɗai. In ya game jiki, fata ta yi ja tana wari, a kai shi asibitin dabbobi, gama yanzu akwai ƙwayar da ake ba kare ya haɗiye, tana aiki sosai. Ba dalilin kashe shi don tsoron yara za su ɗauka.

Ga mutane, in ƙwaron ya yi yawa yakan sa gefen fatar ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, da wani abu kamar amosani manne a gindin gashin ido, ko kuwa ƙananan ƙuraje a fuska. A riƙa wanke wurin da ruwa mai ɗumi da tsumma mai tsabta safe da yamma, in bai lafa ba a je asibiti. 'Yan'uwanmu mata masu shafa man ƙara hasken fata su lura: da yawa cikin waɗannan mayuka suna ɗauke da magani mai raunana tsaron fata, ƙwaron kuwa haka yake so. Maganin dabba ko na feshin gona kada ya kusanci fuska ko ido ko kaɗan.