Yadda ake koya wa kwamfuta gane wuri daga hoto da rubutu

Tun da ciniki ta wayar hannu ya bunƙasa, hoto ya zama shaida a tsakanin 'yan kasuwa. Da shi dillali yake nuna fili ko gida, da shi direba yake tabbatar da cewa ya sauke kaya, da shi kuma mai neman diyya yake nuna wa kamfanin inshora irin ɓarnar da ta auku. Sai dai bayanin wuri da waya kan maƙala wa hoto ana iya share shi ko a sauya shi. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa masana suka duƙufa wajen koya wa kwamfuta gane wuri daga abin da ke cikin hoton kansa.

Da farko akan tattara ɗimbin hotuna waɗanda aka riga aka san inda aka ɗauki kowannensu, sa'an nan a yanka taswirar duniya gida-gida. Sai a nuna wa na'ura hoto, ta faɗi gidan da take zaton ya fito, a gwada amsarta da ta gaskiya, a gyara mata lissafi. Bayan an maimaita haka sau miliyoyi, takan fara lura da launin ƙasa, da irin itatuwa, da fasalin gine-gine, da turakun wutar lantarki, da kuma hannun da motoci suke bi a kan titi.

A shekarar 2008 ne James Hays da Alexei Efros na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka gabatar da tsarin IM2GPS, wanda ya dogara da hotuna miliyan 6. A 2016 kuma ma'aikatan kamfanin Google suka fito da PlaNet, bayan sun tara hotuna miliyan 126, suka kuma raba duniya gida fiye da 26,000. A gwajin da aka yi masa, ya gane ƙasa a kashi 28.4 cikin 100 na hotunan, amma bai gane titi ba sai a kashi 3.6 cikin 100 kacal.

Haɗa hoto da rubutu shi ne ya kawo gagarumin ci gaba. A 2021 kamfanin OpenAI ya fitar da CLIP, wanda aka horar da hotuna miliyan 400, kowanne tare da bayaninsa a rubuce. A kan wannan tubali ne ɗalibai uku na Jami'ar Stanford suka gina PIGEON a 2023, inda suka haɗa wa hotunan tituna bayanai game da yanayin wurin da yankin da yake. Tsarin ya gane ƙasa a kimanin kashi 92 cikin 100 na gwajin, kuma a rabin amsoshinsa kuskuren bai wuce kilomita 44 ba.

Rubutu shi kaɗai ma yana da tasa wahalar, domin suna ɗaya yana iya zama na wurare da dama. Akwai Sabon Gari a Kano, akwai shi a Zariya. Akwai Tudun Wada a Kaduna da Jos da Kano. Saboda haka akan horar da na'ura ta riƙa duba sauran kalmomin da ke cikin adireshi, kamar sunan kasuwa ko tasha ko asibitin da aka ambata, kafin ta zaɓi wuri guda. Kamfanonin kai kaya da bankuna masu tantance adireshin abokan hulɗa suna cikin masu bukatar wannan.

To, amma na'ura ba ta sanin inda ba a nuna mata ba. Masu PlaNet sun yanka taswira ƙanana-ƙanana a inda hotuna suka yi yawa, manya-manya a inda suka yi ƙaranci, wuraren da kusan babu hoto kuwa suka bar su gaba ɗaya. Har ila yau, hotunan tituna na Street View da Google ya fara a Amurka a 2007 ba su iso Legas ba sai a 2017. Ke nan alƙaluman nasarar da ake bayyanawa ba lalle ne su yi daidai da abin da za a samu a ƙauyuka da ƙananan garuruwan ƙasar nan ba.

Akwai kuma batun tsaro. Ɗaliban Stanford sun ƙi sakin tsarinsu ga kowa da kowa don gudun kada a yi amfani da shi wajen bin sawun mutane. Ɗan kasuwar da ya sa hoton ma'ajiyar kayansa ko ƙofar gidansa a intanet ya sani cewa yana iya bayyana inda suke, ko da ya goge bayanin wuri daga hoton.

Don haka ya kyautu duk kamfanin da aka yi wa tallar irin wannan tsari ya tambayi daga ina aka samo hotunan horon, ya kuma gwada shi da hotuna da adireshin yankin da yake kasuwanci kafin ya biya kuɗi. Amsar na'ura tana iya rage yawan zirga-zirga, amma idan maganar lamuni ce ko biyan diyya, wajibi ne a tura ma'aikaci ya gani da idonsa.