Itatuwa da Ruwa a Ƙasar Adar: Gaskiya da Jita-jita

Maganganu biyu masu karo da juna sun yaɗu tsakanin manoman Birnin Konni da Malbaza da Illela: wasu na cewa dashen itatuwa yana jawo ruwan sama, wasu kuma na cewa itatuwa ne ke shanye ruwan rijiyoyi.

Maganar farko ba ta da ƙarfi, domin damina a jihar Tawa tana zuwa ne da iskar da ke ɗauko laima daga tekun Atilantika, kuma garkar itatuwa ta gari ɗaya ba ta isa ta sauya wannan tafiya ba. Abin da itace ke iya sauyawa shi ne hanyar da ruwa ke bi bayan ya sauka.

A kan tudun Adar, inda ƙasa ta zama faƙo, wato dandaryar da ruwa ba ya ratsawa, ruwan sama yakan gangara da gudu ya kwashi yashi zuwa kwarin Magiya, har ya taru a madatsun Mozage da Zango waɗanda noman rani na Konni ya dogara da su. Inda kuwa geza da sabara suka tsira, ganyen da suke zubarwa yana jawo gara, ramukan gara da saiwoyi kuma suna buɗe wa ruwa ƙofa ya nutse. A 1989 wasu manoman Illela sun ziyarci Yatenga ta Burkina Faso suka dawo da dabarar tassa, wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki, kuma a ƙauyen Batodi, bayan da faƙo ya koma gona mai itatuwa, ruwan rijiyoyi ya ƙaru sosai.

Magana ta biyu tana da ƙamshin gaskiya a fadama, inda ruwa yake kusa, domin itacen turare da aka dasa a cunkushe yana shan ruwa rani da damina, kuma mai lambun albasa a Galmi yana da hujjar nesanta shi da rijiyarsa. Kuskuren shi ne a ɗora wa gawo wannan laifi, alhali yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da gero ke buƙatar ruwa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 daga Burkina Faso ya nuna cewa ruwan ƙasa ya fi ƙaruwa inda itatuwa suke warwatse daidai gwargwado, fiye da fili tsirara ko kurmi mai duhu.