Masu Tuƙi Zuwa Tsibiran Binuwai

Wanda ya tashi daga unguwar Turaki ta Jalingo ya nufi Lau, can zai tarar da kogin Binuwai. Da rani in ruwa ya janye, sai tsibiran yashi su ɓullo a tsakiya, masunta su tuƙa kwalekwale su je su kafa bukkoki.

Tuƙin kuwa sai gwani, domin dorina mai ɗa ba ta ƙaunar jirgi kusa. Ayu kuma ganinsa ya yi wuya, saboda farautar namansa da mansa.

Amma babbar fargabar mutanen kogi ita ce madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama a 1982. Da aka sako ruwanta a 2012, garuruwan gaɓa ma ya ci su, balle tsibiri.