Gawa Ɗaya, Marubuta Uku

Girkawan zamanin da ba su zuwa kallon wasan kwaikwayo don su ji yadda labari zai ƙare, domin tun suna yara suka san tatsuniyoyin. Abin da ke kai su shi ne su ga wanda marubuci zai ɗora wa laifi. Labarin Antigoni ya isa misali.

'Yan'uwa biyu maza suka kashe juna a kan sarautar birnin Tibis. Kawunsu Kiriyon ya hau gadon mulki, ya sa aka binne ɗaya da girmamawa. Ɗayan kuwa, da yake shi ya kawo wa garin yaƙi, sarki ya ce a bar gawarsa ga karnuka da ungulaye, wanda duk ya binne ta a bakin ransa. 'Yar'uwarsu Antigoni ta je ta zuba wa gawar ƙasa.

A wasan da Sofokilis ya rubuta wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa, dokar sarki ce ta yi karo da dokar allolin Girkawa. Wani boka makaho ya gargaɗi Kiriyon, ya sauko, amma ya makara: Antigoni ta rataye kanta, ɗansa da matarsa kuma suka kashe kansu.

A watan Fabrairu na 1944, lokacin da birnin Paris ke hannun sojojin Jamus, aka nuna wasan Jean Anouilh a kan wannan labari. Ya cire bokan, ya mai da Kiriyon gajiyayyen mai mulki wanda ke neman ceton yarinyar. Har ya tona mata cewa 'yan'uwan nata duka biyu 'yan iska ne, kuma gawarwakin sun ragargaje, shi kansa bai san ta wanda aka binne ba. Nan ne gwanintar wasan take, domin an raba Antigoni da hujjarta, amma duk da haka ta ƙi. Jamusawa suka ƙyale wasan. 'Yan kallo kuwa suka rabu, wasu na ganin kira ne ga turjiya, wasu na ganin an wanke masu haɗa kai da abokan gaba.

Bertolt Brecht bai bar wannan kafa ba. A nasa wasan na 1948, wanda aka fara nunawa a Suwizalan, Kiriyon azzalumi ne da ya ja mutanensa yaƙi don kwaɗayin ma'adinin ƙarfe. Ya buɗe shi da wasu mata biyu a Berlin ta 1945, waɗanda suka tarar an rataye ɗan'uwansu saboda ya gudu daga soja.