Ɓera mace da ɓera namiji: wahala ɗaya, jiki daban

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira adirenal. Ita ke sakin sinadarin da ke tallafa wa jiki lokacin tsoro, yunwa ko ciwo. A jikin mutum sunansa kotisol, a jikin ɓera kuma kotikostiron.

Tun a 1961 wani masani Ba'amurke, Julian Kitay, ya nuna cewa idan aka takura wa ɓeraye, mace ta fi namiji sakin wannan sinadari. Adirenal ɗinta ma ta fi tasa girma, alhali shi ya fi ta jiki.

Daga nan masana suka bi sawu har cikin mitokondiriya, wani ɗan ɗakin girki da ke cikin ƙwayar halitta. A can wasu sinadarai masu suna enzayim ke fara sarrafa kitsen kolestarol, a can kuma suke kammala haɗa kotikostiron. Sinadaran jinsi na da hannu a yawan abin da ake girkawa: in aka dandaƙe namiji sai ya ƙaru, in aka ba shi testostiron ya sauka. Istirojin na mace kuwa iza wutar yake yi.

To, ina ruwan iyali da ɓera? A kansa ake fara gwada magungunan da muke sha, kuma an daɗe ana fifita maza a gwajin, wai jikin mata na rikita lissafi. Sai a 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta wajabta wa masu neman kuɗinta su lura da bambancin jinsi. Ga shi kuwa cutar Kushin, wadda yawan kotisol ke haddasawa, ta fi kama mata.